Idan sankara ta tarar da mace da juna biyu

Akwai wata magana da ake yawan ji idan aka gano ƙari a jikin mace mai juna biyu, wato a bari ta sauka lafiya tukuna sannan a duba. Miji ne kan faɗe ta, ko uwar miji, ko mahaifiyar mai cikin, wani lokaci ma ma'aikacin lafiya da kansa, kuma dukansu da kyakkyawar niyya suke faɗa, domin suna tsoron kada garin neman lafiyar uwa a illata ɗan da bai zo duniya ba. Sai dai idan ƙarin nan sankara ne, watanni biyar ko shida da za a shafe ana jira sun isa su ɗauke cutar daga matakin da ake warkewa su kai ta matakin da sai dai a rage wa maras lafiya raɗaɗi. A ɗaya gefen kuma akwai fahimtar da likitoci su kansu suka daɗe a kanta, cewa da zarar an tabbatar da sankara wajibi ne a zubar da cikin, ko a ciro jaririn tun bai ƙosa ba, domin a sami damar fara magani. Binciken da aka tara cikin shekaru talatin da suka wuce ya nuna cewa a mafi yawan lokuta duka hanyoyin biyu kuskure ne. Ana iya gano cutar, a yi tiyata, a ba da magani mai ƙarfi, cikin kuma ya ci gaba da girma har ya isa haihuwa, muddin an san abin da ya halatta a kowane mako na cikin da abin da dole a jinkirta.

Ƙiyasin da likitoci ke aiki da shi shi ne, cikin kowane ciki dubu akan sami kamar ɗaya da ya haɗu da sankara. Waɗanda suka fi yawa su ne sankarar mama da ta bakin mahaifa, sai ta kaluluwa da ake kira limfoma, da ta jini, da ta ƙwan mace, da ta ƙullin maƙogwaro mai suna tayirod, sannan a ƙasashen fararen fata akwai sankarar fata ta melanoma. A Turai da Amurka abin da ya sa adadin ke ƙaruwa shi ne mata suna jinkirta haihuwa zuwa shekarun da sankara ke fara yawaita. A arewacin Nijeriya da kudancin Nijar dalilin daban ne, amma sakamakon ɗaya ne. Binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna cewa mace a arewa maso yammacin Nijeriya tana haihuwa shida zuwa bakwai a matsakaici, abin da ke nufin daga shekara ashirin zuwa arba'in da wani abu, in ba ta da ciki to tana goyo. Sankarar mama kuwa a wannan yanki na Afirka tana yawan kama mata da ƙuruciyarsu idan aka kwatanta da Turai. Saboda haka haɗuwar cutar da ciki ko shayarwa abu ne da kowace ungozoma za ta ci karo da shi a rayuwar aikinta, ko ta gane shi ko ya wuce ta.

Babbar matsalar ita ce ciki yana ɓoye cutar. Kusan duk alamun da sankara ke fara nunawa suna kama da laulayi ko sauye-sauyen da aka saba gani: gajiya, ƙarancin jini, amai, rashin cin abinci, ciwon baya, haki, taurin bayan gida, ɗigon jini. Mama kuma tun daga watannin farko yake cika, ya yi nauyi, ya yi tauri, ta yadda ƙullutun da a da za a ji shi da yatsa sai ya nutse a ciki. Idan matar ta ji shi ta faɗa, amsar da ta fi samu ita ce ruwan nono ne ke taruwa. Gaskiya ne mafi yawan ƙullutun da ke fitowa a lokacin ciki ba sankara ba ne, amma babu wanda zai iya rarrabewa da hannu kawai, komai ƙwarewarsa. Ƙa'idar da ya kamata a riƙe ita ce, duk ƙullutun da ya wuce mako biyu bai baje ba sai a yi masa sikanin. Haka nan maman da ya yi ja, ya kumbura, fatarsa ta yi kauri da 'yan ramuka, aka ba da maganin ƙwayoyin cuta na mako ɗaya ko biyu bai sauka ba, bai kamata a sake rubuta wani maganin a sallami matar ba, domin akwai wani nau'in sankarar mama mai saurin yaɗuwa da ke zuwa da kamannin kumburin nono na masu jego.

Sikanin da ake duba mama da shi irin wanda ake duba jariri da shi ne a wurin awo, sauti ne kawai, ba ya da wata illa ga ciki. Idan ya nuna abin da ba a yarda da shi ba, mataki na gaba shi ne a ɗebi ɗan yanki a kai ɗakin gwaji. Aikin bai kai rabin sa'a ba: a wanke wurin, a yi allurar kashe zafi a fata, a shigar da wata allura mai ɗan kauri ana kallonta a allon sikanin har ta isa ƙullutun, a ciro 'yan silili uku ko huɗu da ba su fi ƙwayar shinkafa ba, a manne wurin da filasta, matar ta tashi ta tafi gida. Dole a rubuta wa mai duba naman cewa matar tana da ciki, saboda ƙwayoyin maman mai ciki suna sauya kama ta yadda za su iya ruɗar da shi. A nan ne ake yawan cin karo da tsohuwar maganar nan ta cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da zarar allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya bazu. Wannan magana ta salwantar da rayuka masu yawa. Abin da ya haifar da ita shi ne mutane sun saba ganin waɗanda aka kai asibiti a ƙurarren lokaci suna rasuwa jim kaɗan bayan an taɓa su, sai aka ɗora laifin a kan allura, alhali jinkirin ne ya riga ya gama aikinsa. Ba tare da wannan ɗan yanki ba, babu likitan da zai san ko sankara ce, balle ya san nau'inta, kuma nau'in ne ke yanke hukuncin maganin da za a bayar.

Bayan an tabbatar, sai a nemi sanin iyakar inda cutar ta kai, kuma a nan tsoron hoto ke tasowa. Ana auna hasken da ke shiga jikin ɗan tayi da wani ma'auni mai suna miligire, kuma masana sun yi ittifaƙi cewa ƙasa da miligire 100 ba a ga yana jawo nakasa ko ɓari ba, ko da yake ana ƙoƙarin a tsaya nesa da wannan iyaka sosai. Hoton ƙirji da hoton mama na mamogiram, abin da ke isa ga ɗan tayi daga gare su bai kai ko miligire ɗaya ba. Wanda ake gudu shi ne hoton siti na ciki da ƙugu, domin shi kai tsaye yake haska mahaifa kuma yana iya kaiwa miligire gomomi. A madadinsa ana amfani da sikanin hanta da hoton em'ar'ai, wanda da maganaɗisu yake aiki, sai dai ba a sa ruwan gadoliniyam da ake yi wa allura don hoton ya fito sarai, saboda yana ratsa mabiyiya ya zauna cikin ruwan da jaririn ke kwance. Gwaje-gwajen jini na alamun sankara su ma sai da hattara, tunda wasu daga cikinsu ciki kaɗai yana ɗaga su. Wani abin mamaki da ya bayyana a 'yan shekarun nan shi ne gwajin jinin uwa da ake yi a ƙasashen da suka ci gaba don duba lafiyar ƙwayoyin halittar jariri, wani lokaci yakan fito a hargitse alhali jaririn lafiyarsa lau. A wani bincike da Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka wallafa a ƙarshen 2024, an bi diddigin mata 107 masu irin wannan sakamako, sai aka tarar 52 daga cikinsu suna ɗauke da sankarar da ba su sani ba, akasari limfoma.

Ga bakin mahaifa kuwa, abin da ake buƙata ma bai kai haka tsada ba. Mace mai ciki da ke ganin jini, musamman bayan saduwa, ko ruwa mai wari da ba ya ɗaukewa, tana buƙatar a duba bakin mahaifarta da ido, bayan sikanin ya tabbatar mabiyiya ba ta tare hanya ba. Sau da yawa sai a ba ta hutu da maganin riƙe ciki a ce barazanar ɓari ce, ba tare da kowa ya leƙa ba. Gwajin shafa na bakin mahaifa ba ya cutar da ciki, kuma ga mata da yawa a karkara zuwa awo shi ne kaɗai lokacin da suke haɗuwa da ma'aikacin lafiya, don haka asara ce babba a bar wannan dama ta wuce. Idan abin da aka gani sauye-sauyen farko ne da ba su zama sankara ba, ana iya sa ido kawai har bayan haihuwa, wasu ma da kansu suke komawa daidai.

Duk wani hukunci na magani yana rataye ne da shekarun cikin a makonni, shi ya sa sikanin farko da ke tabbatar da kwanan ciki yake da muhimmanci ƙwarai. A makonni goma zuwa goma sha biyu na farko ne ake ƙera gaɓoɓin ɗan tayi, zuciya da laka da fuska da hannuwa da ƙafafu. Magungunan kemo, wato magunguna masu ƙarfi da ake yaƙar sankara da su, aikinsu shi ne kashe ƙwayoyin jiki da ke saurin rarrabuwa, kuma babu abin da ya kai ɗan tayi saurin rarrabuwa a wannan lokaci, don haka ba da su a watanni ukun farko yana ƙara haɗarin ɓari da nakasa sosai. Da zarar an wuce mako na 14, ginin gaɓoɓi ya kammala, saura girma da nuna, kuma bincike ya nuna cewa yawan nakasa a jariran da aka ba iyayensu kemo bayan wannan lokaci bai wuce wanda ake samu a sauran jama'a ba, wato kamar uku cikin ɗari. Wani ɓangare na sirrin yana cikin mabiyiya. Tana da wasu sinadarai a bangonta da ke tura magunguna da yawa su koma jinin uwa. Masu bincike a jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam sun gwada haka a kan gwaggon biri masu ciki, suka tarar abin da ke isa jinin ɗan tayi daga doksorubisin bai kai kashi 10 cikin ɗari na abin da ke jinin uwa ba, na fakilitaksel ma bai kai kashi biyu ba, amma kabofilatin fiye da rabinsa yake ratsawa. Wannan bambanci ne ya sa likita ba ya kallon kemo a matsayin abu guda, kowane magani da hukuncinsa.

Hujjar ba ta tsaya kan dabbobi ba. Cibiyar sankara ta MD Anderson da ke Houston ta fara ba mata masu ciki da sankarar mama kemo bisa tsari tun ƙarshen shekarun 1980, tana bin yaran da aka haifa. A Meziko, likita Agustín Avilés ya wallafa a 2001 bayanin yara 84 da aka ba iyayensu kemo saboda sankarar jini da limfoma, waɗanda aka bi su kusan shekara goma sha tara a matsakaici, aka tarar girmansu da karatunsu daidai da na tsaransu. Amma aikin da ya fi sauya tunanin likitoci shi ne na Farfesa Frédéric Amant na Leuven da abokan aikinsa, waɗanda suka kafa rajistar ƙasa da ƙasa ta mata masu ciki da sankara. A 2015 sun wallafa a mujallar New England Journal of Medicine sakamakon yara 129 da iyayensu suka yi sankara suna ɗauke da su, 96 daga ciki kemo ya same su a mahaifa, aka kwatanta su da wasu yaran da aka haifa a makonni iri ɗaya. An gwada ƙwaƙwalwarsu da zuciyarsu da girmansu suna wata 18 da kuma shekara uku, ba a ga bambanci ba. Abin da aka ga yana rage ƙoƙarin yaro shi ne haihuwa kafin lokaci, ko an ba uwarsa kemo ko ba a ba ta ba.

Wannan sakamako na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya juya lissafin gaba ɗaya. Shekara da shekaru likitoci suna ciro jarirai a wata bakwai ko takwas da nufin kuɓutar da su daga guba, ashe cirowar ce ta fi cutar da su fiye da maganin da ake gudu. Bakwaini yana fama da numfashi, da sanyi, da shan nono, da saurin kamuwa da cuta, kuma ƙwaƙwalwa tana yin babban ɓangaren girmanta ne a makonnin ƙarshe. Idan haka lamarin yake a Beljiyam da Holan, inda kowane bakwaini ke da kwalba da na'urar numfashi da nas a kansa, to a asibitin da kwalabe ba su wadata ba kuma wutar lantarki ba ta da tabbas, hujjar barin jariri a cikin uwarsa har ya cika mako 37 ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Wani nazari na rajistar da aka wallafa a 2018, wanda ya haɗa mata 1,170 cikin shekara ashirin, ya nuna kashi biyu cikin uku an yi musu magani suna da cikin, kuma a tsawon shekarun, yayin da ba da kemo ke ƙaruwa, haihuwar jarirai da rai ta ƙaru, ciro su da wuri ya ragu. Wannan ba ya nufin babu farashi. Jariran da kemo ya shafa sukan zo da ƙarancin nauyi, musamman idan an yi amfani da magungunan dangin filatinam, kuma sisfilatin yana iya taɓa ji, don haka ake auna girman jaririn da sikanin kafin kowane zagaye, a kuma gwada kunnensa bayan haihuwa.

Ita uwar fa? An daɗe ana zaton ciki yana hura wa sankarar mama wuta saboda yawan sinadaran mata a jini, har ake ba da shawarar zubarwa don a ceci uwa. Nazarin da aka wallafa a 2013, wanda ya kwatanta mata 311 da aka gano musu cutar suna da ciki da wasu 865 marasa ciki, ya nuna cewa idan aka daidaita shekaru da mataki da nau'in cuta da magani, tsawon rayuwarsu bai bambanta ba. Zubar da ciki bai ƙara wa mai sankarar mama kwana ba. Abin da ke sa sakamakon masu ciki ya fi muni a zahiri shi ne an gano cutar a makare, ko an rage musu magani saboda tausayi.

A ɗauki misalin mace da aka tabbatar mata da sankarar mama tana da cikin mako 17. Ana iya yi mata tiyata cikin mako biyu, a cire ƙarin ko maman duka tare da kaluluwar hammata, domin tiyata da maganin barci ba su haramta a kowane mataki na ciki ba, kuma watanni ukun tsakiya su ne suka fi dacewa. Idan ciki ya wuce mako 20 akan ɗan karkata ta zuwa hagu a kan gadon tiyata don kada nauyin mahaifa ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, sannan a ba ta allurar hana daskarewar jini, tunda ciki da sankara da tiyata kowannensu yana ƙara wannan haɗari. Daga nan sai kemo, a ce doksorubisin da saikulofosfamayid duk bayan mako uku, a makonni na 22 da 25 da 28 da 31. Tana zaune a kujera ruwan magani yana sauka a hannunta, ungozoma ta zo ta ɗora na'ura a cikinta su saurari bugun zuciyar jaririn kafin a fara da bayan an gama. Ana lissafa yawan maganin da nauyinta na ranar, ba a ragewa, domin jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi kuma ƙodarta tana saurin tace magani, saboda haka ragewa zalunci ne gare ta. Wajen mako na 35 sai a tsaya, a bar aƙalla mako uku tsakanin zagayen ƙarshe mai ƙarfi da haihuwa, domin ɓargon uwa da na jariri su farfaɗo, kada naƙuda ta same su jini ya yi ƙasa, garkuwa ta faɗi, kuma domin mabiyiya ta gama kwashe ragowar maganin daga jikin jaririn kafin aikin ya koma kan hantarsa da ba ta yi ƙwari ba. A yankin da zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini suka riga suka addabi masu ciki, gidan sauro da maganin ƙarin jini da gwajin jini kafin kowane zagaye suna cikin jinyar kanta.

Akwai abubuwan da dole su jira. Gashi, wato ƙona ƙari da haske mai ƙarfi, galibi akan ɗage shi zuwa bayan haihuwa, kuma ba ya yiwuwa sam a ƙugu matuƙar ana son cikin ya rayu. Maganin kemo mai suna metotireksat yana zubar da ciki kuma yana nakasa tayi. Tamoksifen, ƙwayar da masu sankarar mama ke sha shekara biyar ko goma, an danganta shi da nakasar fuska da al'aura. Tirastuzumab, shi ma maganin sankarar mama ne, yana taɓa ƙodar ɗan tayi har ruwan da yake ciki ya ƙafe. Sinadarin aidin mai fitar da haske mai ƙarfi da ake ba masu sankarar tayirod yana lalata tayirod ɗin jaririn, amma sa'ar da aka yi ita ce mafi yawan sankarar tayirod tafiyar hawainiya take yi, ana iya sa mata ido har a haihu ba tare da an yi asarar komai ba. Limfoma kuwa tana amsa magani sosai ko da ciki, sai dai idan an haɗa da maganin rituksimab ya kamata a sanar da masu rigakafi, domin garkuwar jaririn kan yi rauni na 'yan watanni, sai a jinkirta alluran da ke ɗauke da ƙwayar cuta mai rai irin ta tarin fuka da ɗigon shan inna.

Duk da wannan, rashin gaskiya ne a ce zaɓi mai ɗaci ya ƙare. Mace da sankarar jini mai tsanani ta kama tana da cikin mako takwas ba ta da makonni shida na jira, kwanaki ne ke gabanta, kuma maganin da zai cece ta shi ne mafi haɗari ga tayi a wannan mataki. Haka mai sankarar bakin mahaifa da ta riga ta bazu zuwa gefe tana farkon ciki, wadda maganinta na asali gashin ƙugu ne haɗe da kemo. A irin waɗannan yanayi likitoci kan ba da shawarar a kawo ƙarshen cikin. Dokar hukunta laifuka da ke aiki a arewacin Nijeriya ta yarda da haka idan don ceton ran uwa ne, malaman fiƙihu kuma, duk da tsananin da mazhabar Malikiyya ke da shi kan zubar da ciki, sun yi bayanin cewa idan amintattun likitoci suka tabbatar ran uwa na cikin halaka, ana gabatar da ita domin ita ce asali kuma rayuwarta tabbatacciya ce. Abin da nake ganin ya fi muhimmanci shi ne a gaya wa matar kanta gaskiya, da harshen da take ji, ba a ja mijinta gefe a gama magana a bayan idonta ba. Wata za ta zaɓi magani saboda 'ya'ya biyar da ke gida suna jiran ta, wata za ta zaɓi ta jira ko da ta san abin da jiran zai ci mata. Dukansu suna da haƙƙin a bayyana musu lissafin yadda yake, a ba su lokacin shawara da iyali da malamin da suka amince da shi, kada a tsorata su kuma kada a yaudare su.

Wajen haihuwa, sankara ita kaɗai ba ta wajabta tiyata. Mai sankarar mama ko limfoma tana iya haihuwa da kanta. Banda mai sankarar bakin mahaifa da ƙarin yake nan ba a cire ba, wadda ake ciro wa jariri ta ciki saboda gudun zubar jini da dasa ƙwayoyin cutar a inda aka yanka ko aka yage wajen haihuwa. A 2021 likitoci a Japan sun ba da rahoton yara maza biyu da sankara ta fito musu a huhu, gwaji ya nuna asalinta daga bakin mahaifar iyayensu ne, sun shaƙe ta lokacin haihuwa. Irin wannan abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai, haka ma tsallakawar cutar ta mabiyiya, wadda aka fi gani a melanoma, amma ya isa dalilin da zai sa a roƙi iyali su bari a kai mabiyiya ɗakin gwaji kafin a binne ta kamar yadda aka saba.

Duk wannan tsari yana buƙatar mutane da yawa su zauna a teburi ɗaya: likitan mata, da likitan sankara, da mai tiyata, da likitan jarirai, da mai duba nama, da ungozoma. A manyan asibitocin koyarwa irin na Zariya da Kano da Sakkwato, da Asibitin Ƙasa na Abuja, da cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai, ana iya haɗa su. Matar da ke ƙauye kuwa tana awo a wani wuri, sakamakon gwajinta yana wani gari, kemo yana wani, kuma kowane zagaye sai an sayar da wani abu kafin a biya. Abin da ƙaramin asibiti zai iya yi, wanda ba ya cin kuɗi, shi ne ya taɓa maman kowace mace a awon farko, ya rubuta kwanan cikin daidai, ya tura ta gaba a makon da aka ga abin zargi da takarda mai bayani, sannan ya bi sawu ya ji ko ta isa.

Bayan haihuwa ana komawa magani cikin mako ɗaya zuwa biyu idan babu matsala, kuma a nan ne gashi da tamoksifen da tirastuzumab ke shigowa. Ba a shayarwa ana kan kemo ko waɗannan ƙwayoyi, domin suna fita ta nono, don haka tun kafin haihuwa ya kamata iyali su shirya yadda za a ciyar da jaririn, ko da madarar gwangwani da tafasasshen ruwa, ko ta wata mai shayarwa daga dangi wadda aka gwada lafiyarta, tare da kiyaye hukuncin 'yan'uwantakar nono. Wadda ta kammala maganinta da makonni kafin haihuwa tana iya shayarwa idan likita ya amince, kuma mama ɗaya yana isar jariri. Sai batun tazara, wanda ba a wasa da shi, domin sabon ciki a tsakiyar magani yana mayar da komai farko. Ga mai sankarar mama an fi son hanyar da ba ta da sinadarin mata, kamar robar mahaifa mai jan ƙarfe. Akan shawarci mace ta jira kamar shekara biyu kafin ta sake ɗaukar ciki, saboda a wannan tsakani ne cutar ta fi dawowa, kuma wani bincike na ƙasa da ƙasa da aka wallafa a 2023 kan mata fiye da 500 da suka dakatar da ƙwayoyinsu na ɗan lokaci domin su haihu ya nuna cewa a shekarun farko na bibiya cutar ba ta dawo musu fiye da sauran ba, da sharaɗin su koma kan maganin bayan sun sauka.